Oba-oba, Lambar 112 da Lungunan Unguwar Sanusi

 

A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar don a toshe wa 'yan bindiga hanya, bayan Zamfara ta yi haka a farkon watan. Sai ƙarshen Nuwamba aka maido da su. Ban zo yanke hukunci kan matakin ba. Abin da ya fito fili shi ne, neman agajinmu kaf a kan wayar salula yake rataye. Mai naƙuda, mai gobara, wanda ɓarayi suka tsallako masa katanga, kowa ita yake lalube. Lambar gaggawa ta 112 da hukumar sadarwa ta NCC ta tanada kyauta ce, amma inda babu sabis ba ta shiga.

Shi ya sa jami'an tsaro ke buƙatar rediyonsu, wato oba-oba. Ba ta cin kati, kuma mutum ɗaya ya yi magana, kowa da ke kan tashar ya ji nan take. Sai dai ta hannu ba ta da nisan zango. Gini da kwari suna cinye muryarta, sai an kafa na'ura a kan dogon turke tana karɓa tana cillawa gaba. Ita kuma wuta take so. NEPA ta ɗauke, batir ya mutu, shi ke nan, turken ya zama kwalliya.

Kuɗi kam an kashe. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470, mafi yawanta bashi daga Sin, don kyamarori a Abuja da Legas da hanyar sadarwar 'yan sanda. Aikin ya shiririce, har Majalisar Wakilai ta yi bincike a kai. Sayen kaya ba ya ba mu wuya, riƙonsu ne.

Akwai wata cutar da ta fi wannan. Ɗan sanda na da tasharsa, 'yan kwana-kwana na da tasu, jami'an hanya na KASTLEA da 'yan sintirin KADVS kowa da tasa hanyar. Ranar harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, rediyon 'yan sanda da na masu kashe gobara ba su jin juna, kuma 'yan kwana-kwana 343 suka rasu. Sai a 2012 majalisarsu ta kafa FirstNet domin a haɗa su wuri guda.

To mu a nan Unguwar Sanusi fa? Gwaji ba ya buƙatar kwangila. Mutum ɗaya ya zauna a ofishin 'yan sanda, wani ya ɗauki oba-oba ya bi lungu-lungu, ta wajen Badikko, ta wajen Tudun Wada, yana kira. A yi da rana, a sake da tsakar dare lokacin da babu wuta, a kuma maimaita da damina. Duk kwanar da murya ta yanke, a rubuta. Wannan takarda ita za mu kai wa DPO da shugaban ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mu roƙi sola a turke, da tasha ɗaya da duk masu agaji za su haɗu a kanta, har da ɗakin gaggawa na Asibitin Yusuf Ɗantsoho.