Ɗaki Ɗaya, Kuɗin Shekara Biyu

Karatu: Littafin Nehemiya, sura 5.

Yau maganarmu a kan haya ce, da bashi, da damuwar nan da ta kan hana magidanci barci.

Ku da ke zaune a Nima da Mamobi cikin Accra, da zangon Kumasi, da Tamale, ba sai an gaya muku abin da ya sami ƙasar Ghana a shekara ta 2022 ba. Da shekarar ta kama, dala ɗaya ta Amurka wajen sidi 6 ce. Kafin Nuwamba ta ƙare ta wuce sidi 13. Ma'aikatan ƙididdiga na gwamnati suka ce a watan Disamba tsadar kaya ta hau da kashi 54 cikin ɗari, watau abin da aka saya sidi 100 shekara guda kafin nan, sai da sidi 154. Bashi ya yi wa gwamnati yawa, annobar 2020 ta karya ciniki, yaƙin Rasha da Yukiren kuma ya ta da kuɗin mai da alkama da taki. A watan nan na Disamba gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Sai a Mayu 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yarda ya ranta mata dala miliyan 3,000.

To, wannan lissafin manya ne. Talaka a ina ya ji shi? A kasuwa ya ji shi, amma a bakin ƙofar ɗakinsa ya fi jinsa. Gama mutum ya iya rage tuwo, ya iya hakura da tsohuwar riga, ya iya tafiya da ƙafa ya bar mota. Amma ba ya iya rage ɗaki. Ko yana ciki da iyalinsa, ko yana waje da su.

Kun san al'adar haya a biranen Ghana. Mai gida ya kan ce a ba shi adibas na shekara guda, sau da yawa ma na shekara biyu, a dunƙule. A ce ɗaki sidi 200 ne a wata. Shekara biyu sidi 4,800 ke nan, a hannu, rana ɗaya. Ina lebura, ko mai gadi, ko mai sayar da koko za su same su? Sai a ci bashi da ruwa, ko a sayar da keken ɗinki, ko a fid da yaro daga makaranta. Ga shi kuwa dokar haya ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1963, ta hana karɓar adibas fiye da na wata shida. Doka tana nan a takarda, amma masu neman ɗaki sun fi ɗakuna yawa, kowa kuma yana tsoron in ya yi gardama wani zai biya ya shiga.

Kada mu yi gaggawar zagin mai gida. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Da yawa cikinsu tsofaffi ne da gwauraye, ɗakunan nan su ne abincinsu. Kuɗin siminti da kwano sun hau musu kamar yadda suka hau wa kowa. Rancen banki kuwa ya fi ƙarfinsu, gama a 2023 babban bankin ƙasar ya kai ruwansa kashi 30 cikin ɗari. Mai gida yana tsoron kuɗin da zai karɓa baɗi ba za su sayi abin da za su saya yau ba. Ashe tsoro ne a ɗaki, tsoro ne a zaure. Kowa yana ture kayansa a kan wanda ya fi shi rauni, har kayan duka su taru a kan wanda ba shi da wanda zai tura wa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya ya zo Urushalima da iznin sarkin Farisa domin ya sake gina garun birnin. Ana cikin aiki sai kuka ya tashi, na maza da na matansu. Yunwa ta sa waɗansu sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi. Waɗansu sun ci bashi domin harajin sarki. Waɗansu har 'ya'yansu sun shiga bauta. Masu bin bashin kuwa ba baƙi ba ne, 'yan'uwansu ne.

Ku lura da abin da Nehemiya ya yi. Ya husata ƙwarai, amma ya yi tunani tukuna kafin ya buɗe baki. Sa'an nan ya tara jama'a, ya tsawata wa manya a gaban kowa, ya sa su mayar da gonaki da gidaje, su bar karɓar ruwa. Ya sa suka yi rantsuwa a gaban firistoci. Shi kansa kuma, shekara 12 yana gwamna, bai karɓi abincin da ya ke hakkin gwamna ba, domin ya ga nauyi ya yi wa mutane yawa. Nehemiya bai iya kawar da yunwa ba, bai iya soke harajin sarki ba. Abin da ke hannunsa shi ya sassauta. Darasinmu ke nan. Ba mu ne mu ke sa kuɗin dala ba, amma kowane ɗayanmu yana riƙe da igiyar wani, ya iya ja, ya iya sassautawa.

Kai mai gida, Allah ya ba ka rufi, ya kuma sa waɗansu a ƙarƙashinsa. Idan wata shida ya ishe ka, kada ka nemi shekara biyu. Idan ƙari ya zama dole, faɗa da wuri, ka bar wa mutum lokacin shiri. Kada ka cire masa ƙofa, kada ka zubar masa da kaya a waje. Doka ma ba ta yarda a fid da ɗan haya ba sai da hukuncin kotu, balle Allah wanda ke jin kukan yaran da ke ɗakin.

Kai ɗan haya, kada kunya ta sa ka riƙa fita tun asuba kana komowa da tsakar dare domin kada ku haɗu da mai gida. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Je wurinsa tun lokaci bai cika ba, tare da dattijo ɗaya. Gaya masa gaskiyar abin da ke hannunka, ka yi alkawarin da za ka iya cikawa. Kome ka biya, karɓi rasit. Idan magana ta gagara, akwai ofishin gwamnati mai duba sha'anin haya. Ka guji mai ba da rance da ruwa mai yawa, gama ɗakin da ka tsare da kuɗinsa yau, gobe za ka rasa shi har da abin da ke ciki. Kada kuma ka ɓoye wa matarka. Ita ma tana kwana da tunanin nan, wataƙila ma tana da adashin da ba ka sani ba.

Ku jama'ar ikilisiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku san wanda hayarsa ta kusa ƙarewa a cikinku. Mai ɗakin da ba kowa, ya buɗe shi. Mai sidi goma, ya kawo. Kada a tambayi wanda ruwa ke dūka a waje ko wane addini ya ke bi.

Kai kuma da ke jina yanzu, kana ƙirga kwanakin da suka rage maka, kada ka ce Allah ya manta da kai. Ubangijinmu Yesu bai mallaki gida ba a kwanakin aikinsa. A gidajen mutane ya ke sauka, kamar gidan Marta da Maryamu a Betanya. Ya san zaman ɗakin wani. Kai masa damuwarka a daren nan, ka kwanta. Da safe ka tashi ka yi abin da ke hannunka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi waɗanda ba su san inda za su kwana ba. Ka ba masu gida tausayi, ka ba 'yan haya gaskiya da ƙarfin zuciya, ka buɗe hannuwanmu ga juna. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.