Wata Uku Kacal: Jawabi a Kan Wa'adin Neman Diyya a Kotu



Da aka nemi mu yi magana a wannan zama, mun ga ya kyautu mu ɗauko wani abu da ya shafi iyayenmu na cikin birni, wanda kuma galibinsu ba su taɓa jin labarinsa ba, watau wa'adin da doka ta yanka wa mutumin da aka ji wa ciwo kafin ya kai ƙara. Mutum yana iya zama da gaskiyarsa, da shaidunsa, da tabon rauni a jikinsa, amma alƙali ya sallame shi ba tare da ya saurari ko shaida guda ba, don kawai ya zo a makare.

Wannan wa'adi ba ɗaya ba ne a ƙasar nan, gama kowace jiha da tata doka. A Legas, alal misali, shekara uku ake ba wanda sakacin wani ya raunata. Amma wa'adin da ya fi damunmu shi ne na dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda Turawa suka kafa a 1916, shekara biyu bayan an haɗe Kudu da Arewa. Sashe na 2 na dokar ya ce duk wanda zai kai ƙarar ma'aikacin hukuma a kan abin da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa, lalle ne ya shigar da ƙarar cikin wata uku. Jihohin Arewa sun gaji irinta daga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963. A 1998 kuma, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kariyar ba ta tsaya ga mutum ɗaya ba, har ma'aikatu da hukumomi tana rufa musu asiri.

To, jama'a, mu auna wata ukun nan da yadda muke rayuwa. A ce wani magidanci ya fito daga Kasuwar Kurmi da yamma, ya nufi gida ta Ƙofar Mata, motar wata ma'aikata ta banke shi, ya karye a cinya. Makon farko yana kwance a asibiti. Daga nan a mai da shi gida a kira mai ɗori. 'Yan dubiya suna ta shigowa, kowa abin da zai ce shi ne a yi haƙuri, tsautsayi ne. Idan ya ɗan ji sauƙi sai dattawa su je wurin mai unguwa, a tura wa ma'aikatar takarda, can kuma a ce musu babban sakatare ya yi tafiya, su dawo mako mai zuwa. Duk wannan zirga-zirga ba ta tsayar da lissafin kwanaki, domin tun ranar da motar ta buge shi aka fara ƙirga. Ran da ya iya dogara sanda ya je ofishin lauya, wa'adi ya riga ya cika.

Idan kuwa rai ya yi halinsa, abin ya fi muni. Matarsa za ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Watau kafin ta fita daga takaba ƙofar kotu ta rufe da fiye da wata guda. Wanda ya rubuta dokar nan bai san da takaba ba, ko kuwa bai damu da ita ba.

Ba muna cewa yanka wa'adi laifi ba ne. Shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓacewa, kuma ba adalci ba ne a bar mutum da zullumin ƙara har tsufansa. Ko a fiƙihun Malikiyya akwai hukuncin hauzi, inda wanda ya zuba ido bare yana cin gonarsa shekara goma, bai ce uffan ba, ba a sauraren da'awarsa. Amma ina shekara goma, ina wata uku? Abin mamaki ma, dokar Ingila ta 1893 da aka kwaikwayo wata shida ta bayar, kana su Turawan suka soke tasu kariyar tun 1954. Mu ne muka riƙe abin da masu shi suka yar.

Akwai 'yan ƙofofi da kotuna suka bari a buɗe. Kariyar ba ta aiki a rikicin fili ko saɓa yarjejeniya, haka nan ba ta kare ma'aikacin da ya wuce iyakar aikinsa ko ya yi abu da mugun nufi. Bugu da ƙari, ƙa'idojin 2009 na kare haƙƙin ɗan Adam sun cire wa'adi daga irin waɗannan ƙararraki. Sai dai shiga ta waɗannan ƙofofi aikin lauya ne, ba na mai ɗinkin hula a Soron Ɗinki ba. Ma'aikacin da ya ji ciwo a wurin aiki shi ma yana da nasa lissafi a dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010: ya sanar da mai gidansa cikin kwana 14, ya nemi diyya cikin shekara guda.

Abin da muke roƙo a nan iri biyu ne. Mu ɗalibai, idan hatsari ya auku a unguwarmu, mu ne za mu rubuta ranar, mu karɓi rahoton 'yan sanda da takardar likita, mu raka dangi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. A ci gaba da neman sulhu, amma ƙara tana gaban kotu. Yayyenmu kuma da suka riga mu kama aikin gwamnati, da mu da za mu bi sahunsu, mu sani cewa fayil ɗin neman diyya da ya kwana mako shida a kan teburinmu ya cinye rabin wa'adin mai shi.