Sankarar Nono Tana Kama Maza, Mu Daina Dariya



Duk watan Oktoba muna kiran iyayenmu mata su je a duba su, kuma haka ya dace. Amma yau da ku maza nake. Na ga wasu sun fara murmushi. To wallahi wannan murmushin ne ke sa dattijo ya ɓoye ƙullutu ƙarƙashin riga shekara guda.

Namiji ma yana da ɗan naman nono bayan kan nononsa, kuma sankara tana iya tsirowa can. Cikin masu cutar 100, kusan 1 namiji ne, galibi wanda ya haura 60. Kenan ba lallai kai ba, amma Baba fa? Kawu fa? Haɗarin yana ƙaruwa in akwai cutar cikin dangi, ko ƙiba ta yi yawa, ko hanta ta lalace, kuma kun san yadda ciwon hanta yake a ƙasar nan.

Alamar farko ƙullutu ne mai tauri, gefe guda, sau da yawa ba ya ciwo. Nan matsalar take: tunda ba zafi, sai a ce maruru ne, a shafa magani, a yi tsaga, har kan nonon ya shige ciki, ko ya riƙa fidda jini, ko kaluluwa ta fito a hamata. Kumburi mai laushi da samari ke yi lokacin balaga daban ne, yakan wuce, amma lokotoro ne zai bambanta, ba fada ba.

A likita za a taɓa, a yi hoto, sannan a ɗebi ɗan nama a auna. Wannan awon kaɗai ke tabbatarwa. Magani yakan fara da tiyata. Wasu a ƙara musu ƙarin ruwan kashe sankara ko gashi da na'ura, wanda tun 2021 ake yi a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Yawancin maza kuma ana ba su ƙwayar tamoksifen, shekara 5 ko fiye. In an kama ta da wuri, ana warkewa.

Tun 2007 gwamnati ta ce maganin sankarar mata kyauta ne. Mata aka ambata. Shi manomin da ya taso daga Tasawa ko Madawa da irin cutar, ga kuɗin mota, ga masauki a Yamai, ina matsayinsa? Muna neman a rubuta baƙi da fari cewa shi ma yana ciki, a kuma sa hoton namiji a allunan faɗakarwa na bana.