Wuyar Aikin Jinya da Daɗinsa



An nemi in yi magana a kan aikin jinya, watau aikin da mutanenmu suke kiran mai yinsa nas, ko sista, ko kuma malamin asibiti in namiji ne. Na tabbata da wuya a sami wani a ɗakin nan wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba, ko bai yi jinyar wani nasa ba. Saboda haka kowa yana da ta cewa game da nas-nas, kuma galibin abin da ake faɗa ba yabo ba ne. Ana cewa suna da tsawa, suna da wulaƙanci, in an kira su ba sa zuwa. Ba zan tsaya a gabanku in ce duk sharri ake yi musu ba. Abin da nake so shi ne mu dubi aikin kansa, mu ga abin da ake yi a cikinsa daga safiya zuwa wata safiyar, domin a ganina wuyarsa da daɗinsa duk tushensu ɗaya ne, watau zaman da nas take yi a gefen gadon majinyaci bayan kowa ya watse.

Likita yakan zo zagaye da safe, ya duba majinyaci na 'yan mintoci, ya rubuta abin da za a yi, ya wuce gado na gaba ko ɗakin tiyata. Sauran sa'o'in wuni da na dare kuwa a hannun nas suke. A yawancin asibitocinmu an kasa aikin kashi uku: na safe, na yamma da na dare, kuma wadda za ta tashi ba ta fita sai ta zaga da wadda za ta karɓe ta gado-gado, ta gaya mata halin da kowa yake ciki. Daga nan sai awo. A auna zafin jiki, a ƙidaya bugun jini a wuyan hannu, a ƙidaya numfashi, a auna hawan jini, a rubuta. Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikin ɓata takarda ne. Amma zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, bugun zuciyar baligi yana tsakanin 60 da 100 a minti guda, numfashinsa tsakanin 12 da 20, kuma kaucewar waɗannan alƙaluma ita ce sallamar da haɗari yake yi kafin ya shigo.

Alal misali mu ɗauki matar da ta haihu yanzu-yanzu. An yi barka, dangi sun fita kai labari, ita kuwa tana kwance lulluɓe da zane. Idan jinin da ta zubar ya wuce rabin lita, ta shiga haɗari, kuma jikin mace mai ƙuruciya yana iya ɓoye wannan na ɗan lokaci, domin bugun zuciya ne yake fara hawa tun awon jini bai faɗi ba. Ungozomar da ta dawo bayan minti goma sha biyar ta ɗaga zanen, ta taɓa mara ta ji mahaifa ta saki maimakon ta ɗaure tamau, ita ce za ta murza marar, ta yi allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, ta ɗaura ruwa, ta aika a kira likita. In ta makara da awa guda, mai yiwuwa gawa za a tarar. Haka kuma mai cikin da ta zo da jijjiga: maganin da ake yi mata allurarsa, maganiziyam salfet, yana tsayar da jijjigar, amma in ya taru a jiki yana iya tsayar da numfashi. Don haka sai an riƙa ƙidaya numfashinta, ana ƙwanƙwasa gwiwarta a ga ko ƙafa tana zabura, ana auna fitsarin da take yi, dare farai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Zubar jini da jijjiga suna cikin manyan dalilan.

Akwai kuma aikin da ba a son ambata a bainar jama'a. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye sai an juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar da ke kan ƙashin bayansa ta mutu, ta zama gyambon da zai ɗauki watanni bai warke ba. Sai an share masa jiki, an kwashe abin da ya fita daga gare shi, an sauya shimfiɗa, kuma a yi haka ba tare da an zubar masa da mutunci ba, alhali shi mutum ne da ɗansa na cikinsa ma bai taɓa ganin tsiraicinsa ba.

Wannan sa ido shi ne asalin sana'ar tun farko. Fulorans Naitingel, wadda ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta isa asibitin sojan Ingila a Iskutari, daura da Istambul, cikin 1854 lokacin yaƙin Kirimiya. An fi tunawa da fitilar da take zagaye da ita cikin dare, amma babban aikinta lissafi ne: ta nuna da alƙaluma cewa cututtukan ƙazanta, irin su kwalara da atuni, sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin Sen Tomas da ke Landan. Mu kuma muna da abin koyi da ya riga ta da ƙarni goma sha biyu da ɗoriya. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ.

To, jama'a, tun da aikin na sa ido ne, lalle ne yawan idanun ya zama abin dubawa. A 2002 wata malamar jinya a Amurka, Linda Aiken, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Fensilfaniya. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara a kan nauyin nas guda, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana talatin yana ƙaruwa da kimanin kashi 7 cikin ɗari. Su fa suna magana ne a kan bambancin huɗu da shida da takwas. A nan kuwa ba abin mamaki ba ne a shiga ɗakin gado talatin da tsakar dare a tarar da nas ɗaya. Ku yi lissafin da kanku. In ta ba kowane gado minti biyar kacal, sai ta yi awa biyu da rabi kafin ta dawo kan na farko, wannan kuma in ba wanda ya suma, ba wanda robar ruwansa ta toshe, ba a kawo sabon majinyaci ba. Sau da yawa wannan ita ce amsar mai cewa ya kira sista ba ta zo ba. Duk da haka gajiya ba hujjar zagi ba ce, kuma ungozomar da take marin mace mai naƙuda ta ci amanar farar rigar da ta sa, komai yawan aikin da ya sha mata kai. Irin wannan hali yana cikin abin da ke sa matanmu su gwammace haihuwa a gida.

Ga kuma rashin kayan aiki. Safar hannu ta ƙare, wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki sai an haska da fitilar waya, a rubuta wa dangi takarda su fita neman allura da auduga cikin dare. Da wa za su yi faɗa? Da wadda suke gani. Ba ita ta tsara kasafin kuɗi ba, ba ita ta ba da kwangilar magani ba, amma ita ce fuskar gwamnati a gefen gado, ita za ta sha zagi, wani lokaci har da duka. Ina roƙon yayyenmu ma'aikatan gwamnati da ke nan su tuna da wannan duk ranar da takardar neman ɗaukar ma'aikata ko sayen kayan asibiti ta kwana a kan teburinsu.

Kusantar majinyaci tana da wani farashin da ya fi zagi. Cutar da duniya ta sani da sunan zazzaɓin Lassa an fara gane ta ne a jikin nas-nas. A watan Janairu na 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar, kuma daga jinin waɗannan mata aka gano ƙwayar cutar. Har yau kusan kowane rani sai an ji cutar ta kama ma'aikatan asibiti. A 2014 kuma, lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola, mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu. Kowa ya san sunan Dakta Stella Adadevoh, kuma ta cancanci haka, amma cikin mamatan akwai Justina Ejelonu, nas ce da ta kama aiki a asibitin a daidai kwanakin da aka kwantar da mutumin. Ban da waɗannan manya, kullum akwai tsinin allurar da zai iya sokin yatsa ya sa wa mutum ciwon hanta, akwai tarin fukan da ake shaƙa.

Wani abin da yake ɗaure mini kai a nan Arewa shi ne wannan: magidanci zai rantse namiji ba zai duba matarsa ba, sai mace, amma in 'yarsa ta ce za ta shiga makarantar jinya sai ya ce ba 'yarsa da kwanan asibiti. To 'yar wa za ta duba matar tasa? Wasu kuma har yanzu suna ɗaukar aikin a matsayin mafakar wanda ya kasa samun likitanci. Tun 1947 aka kafa hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a ƙasar nan, a 1979 aka haɗe ta da ta ungozomai, kuma tun 1965 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digirin jinya. Digirin nan yanzu shekara biyar ake yi ana karatunsa. Ƙasashen waje dai sun san darajarsa. A farkon 2024 magatakardan hukumar ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Ni ban ga laifin wadda ta tafi inda za a biya ta haƙƙin guminta ba, sai dai duk wadda ta tafi, gadajenta a kan wadda ta rage suke komawa.

Me ya sa wasu suke zaune daram duk da haka? Albashi dai ba shi ne dalili ba. Ku tambayi duk nas da ta yi aiki a lokacin annobar amai da gudawa. Za a kawo yaro idanu sun zurma, fatar ciki in an tsunkula ba ta komawa, ko kuka ba ya iya yi, uwar ta riga ta fara salati. A nemi jijiya da ƙyar, a ɗaura ruwa, a zauna ana kallo. Kafin a yi sallar asuba sai ga shi ya buɗe ido yana neman nono. Ayyuka kaɗan ne a duniya mutum yake ganin amfanin hannunsa da idonsa cikin dare ɗaya kamar haka. Ko kuwa jaririn da ya faɗo shiru, jiki saɓule, a goge shi, a murza bayansa, a ɗora masa 'yar jakar hura iska cikin minti na farko, can sai ya tsala ihu. Ungozomar za ta iya haɗuwa da shi bayan shekara ashirin ya zama saurayi, shi bai san ta ba, amma uwarsa ba ta manta ba, kuma ko a tsakiyar kasuwa sai ta riƙe hannunta ta ce masa, ga wadda ta karɓe ka.

Akwai ma abin da ya fi wannan sauƙi a ido. Dakta Kees Waaldijk, wanda ya shafe shekaru yana aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da Kano, ya nuna cewa in aka sa wa mace robar fitsari da wuri bayan doguwar naƙuda, aka bar ta 'yan makonni ana kula da ita, wasu ƙananan hujojin suna rufewa da kansu ba tare da tiyata ba. Sa robar da kula da ita aikin nas ne. Duk wanda ya san yadda yarinya mai yoyon fitsari take zama saniyar ware a gidan miji da gidan iyaye, ya san girman abin da wannan 'yar roba take karewa.

A ƙauye kuwa, inda likita bai taɓa kwana ba, malamin asibiti shi ne komai, kuma ana girmama shi girman da ba a yi wa ma'aikacin ofis. Ana sallama da shi tsakar dare, amma kuma da kaka sai ya rasa inda zai zuba damman gero.

Ba kowane majinyaci ne yake tashi ba, kuma nan ma akwai wani rabo da nas take samu wanda ba a rubuta shi cikin takardar ɗaukar aiki ba. Mutane da yawa suna cikawa ne cikin dare, dangi suna barci a baranda. Ita ce take lura numfashi ya sauya, ta tashe su su zo su yi bankwana. In ba kowa, ita ce take jiƙa masa leɓe da ruwa, ta laƙƙana masa kalmar shahada in Musulmi ne, ta rufe masa ido, ta ɗaure haɓa, ta ja mayafi. Sa'an nan ta wanke hannu, ta rubuta lokacin a takarda, ta wuce gado na gaba, domin lokacin allurar ƙarfe huɗu ya yi.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo.