Jinin da Ba na Al'ada Ba: Jawabin Kwamitin Walwala

An karanta lissafin adashi da na rance, kowa ta ji inda kuɗinta ya kwana. Mu 'yan kwamitin walwala mun roƙi 'yan mintuna kan wata magana da ba ta shiga littafin lissafi. A yi mana haƙuri, maganar ɗaki ce: jinin da mace ke gani bayan saduwa da maigida.

Mun san halinmu. Mace ta ga ɗigo a zane, sai ta ce ƙila al'ada ce ta yi sammako. In ya sake zuwa, ta tari malama bayan an tashi Islamiyya: haila ce ko jinin ciwo, in yi salla ko in dakata? Tambayar ta yi kyau. Amma ku dubi sunan da kanku, jinin ciwo. Tunda ciwo ne, akwai tambaya ta biyu, ita kuma a asibiti ake amsa ta.

Kada gaban kowa ya faɗi, galibi sanadin ƙarami ne. Mai shayarwa da wadda al'ada ta ɗauke mata kan samu bushewar gaba, fata ta yi saurin tsagewa. Akwai ciwon sanyi da ke sa bakin mahaifa ya kumbura, wanda in ta saduwa aka ɗauka dole a yi wa miji da mata magani tare, in ba haka ba ya dawo. Akwai ɗan tsiro da ke fitowa a bakin mahaifa, a cire shi a wuce wurin. Mai ciki ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, wani lokaci fata mai laushi ta ciki ce ke leƙowa waje, da an taɓa sai jini. Sai kayan matsi. Eh, mun ga masu sunkuyar da kai. Abin da ba a san me aka haɗa ba, aka cusa shi a wuri mai laushi, yana iya ƙona fata ya bar rauni.

Wanda ya sa muka tsaya a gabanku shi ne sankarar bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo ta, ana ɗaukarta ta saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai. Wadda ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samu, don haka ba abin zargi ba ne. Yawancin mata jikinsu na korarta da kansa. A wasu kuwa sai ta zauna shiru, shekara 15 zuwa 20, kafin ta zama sankara. Da farko ba zafi, ba ciwo, sau da yawa wannan ɗan jinin ne kaɗai sallamar da take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Abin takaici, Asibitin Koyarwa na Shika yana da sashen masu wannan cuta, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, mu kuwa daga Kwangila mota ɗaya ce. Duk da haka sai ciwo ya ci jiki muke zuwa.

To yaushe za a je? In kina da ciki, ranar da kika gani ki je. In jinin na zuba har kunzugu ya jiƙe cikin awa guda, ko kina jin jiri, ko da tsakar dare ne a fita da ke. Iyayenmu da al'ada ta ɗauke, ko sau ɗaya kuka gani, ko ɗigo ne, a je cikin satin. Sauranmu, in ya maimaitu, ko ya zo da ruwa mai wari ko ciwon mara, kada a tsaya wurin mai kemis. Ƙwayarsa ba ta ganin bakin mahaifa.

Dubawar ba ta da wuya. Ma'aikaciya za ta leƙa, ta shafa ruwan khal, wurin da ya fara canzawa sai ya yi fari. 'Yan mintuna ne, kuma kina da damar cewa mace kike so ta duba ki. Daga shekara 30 ya kamata a riƙa yi ko lafiya lau kike, mai HIV kuma daga 25. Abin da aka gano kafin ya zama sankara ana magance shi. 'Ya'yanmu mata masu shekara 9 zuwa 14 kuwa akwai allurar rigakafin HPV, kyauta, wadda Najeriya ta fara bayarwa a Oktoban 2023. A tambaya a asibitin unguwa.

Iyayen gida da za su karanta wannan, in ta gaya muku, ta danne kunya mai yawa kafin ta buɗe baki. Izini da kuɗin mota take nema, ba tuhuma ba.

Roƙonmu ga uwar ƙungiya shi ne a ware wani abu daga asusun walwala don kuɗin mota, mu riƙa zuwa gwaji biyar-biyar. Wadda ke jin nauyin magana a nan, ta same mu bayan an raba abinci, ba za mu rubuta suna ba.