Sharhi: Na'urar Sauraro a Makaranta

A shekarar 2004 Jami'ar Duke da ke Amurka ta raba wa sababbin ɗalibanta sama da 1,600 na'urar iPod, domin su riƙa naɗar lacca da maimaita darussan harsuna. Bayan shekara guda sai ta daina rabon kan mai uwa da wabi, ta taƙaita shi ga darussan da malamai suka tsara amfani da na'urar. Amfaninta ya dogara ga abin da malami ya zuba mata. Mu da muka saba jin tafsiri a waya, hanyar ba baƙuwa ba ce. Hukumomin ilimi, a horar da malamai kan naɗar darussa kafin a kashe kuɗi wajen sayen na'urori.