Jawabin Maraba Ga Ɗalibanmu Masu Karatun Digiri Na Biyu A Badun

 



Mu da ke gabanku ba mu taka jami'a ba. Iyakarmu allo da Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Amma mun riga ku zama a garin nan, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Don haka ku ba mu aron kunnuwanku.

Jami'ar Ibadan da kuka zo, an kafa ta a 1948. To, Sabo ta girme ta, domin tun 1916 aka yanka wa Hausawa unguwar. Tun wancan zamani, bafataken da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro ba ya kwance kaya sai ya nemi mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Wannan al'ada ita muke so ku riƙe. Ilimi ma ai fatauci ne.

Mu fara da wurin kwana. Jami'a na da ɗakunan manyan ɗalibai, irin su na Tafawa Balewa da na Abdulsalami Abubakar, amma ba kowa ke dacewa ba. Wanda ya rasa sai ya nufi Agbowo da ke kallon ƙofar jami'a, ko Bodija, ko Ojoo. A nan kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga kuɗin takardar yarjejeniya. Akwai wani yaronmu da ya tura wa dillali kuɗi tun yana gida, hoton ɗaki kawai ya gani a waya. Da ya iso, sai ya tarar da mai iyali a ciki, dillali kuma ya kashe waya. A shagonmu ya yi ta kwana har aka yi masa karo-karo. Don Allah kada ku biya ko sisi sai kun ga ɗaki da ido, kun ga mai gidan, kun tambayi ruwa da wuta, kuma ɗayanmu na tsaye.

Sai zama da masu gari. Bayarabe yana son gaisuwa kamar yadda muke so, ko ma fiye. Ku koyi "e karo" da safe, da "e she" in an yi muku alheri. In tsohuwa ta miƙo amala da miyar ewedu, kada a yatsina fuska. Lalo ne dai da muka sani. Mai kewar tuwo da masa, Sabo na nan kusa da Mokola. Ba mu manta da rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairu 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. Abin da muka koya shi ne, ƙaramar magana a bakin kasuwa tana iya cinye unguwa. Ku kama bakinku, a hanya da kuma a waya.

Daminar kurmi doguwa ce, kuma sauro ba ya hutu. Ku nemi gidan sauro, ku ɗaga littattafanku daga ƙasa saboda danshi.

A ƙarshe, mu ma muna da buƙata. Yaranmu da aka haifa a Sabo sun iya Hausa, sun iya Yarbanci, amma da yawa sun tsaya a sakandare, domin ba su ga na gaba da su da ya wuce nan ba. Ku ba su awa 2 ranar Asabar, ku koya musu lissafi da Turanci, ku nuna musu yadda ake cike takardar JAMB. Mu mu tsaya muku a wurin haya, ku ku tsaya wa 'ya'yanmu a wurin karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a watse, kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da sashensa a wurin sakatare, domin mu san inda za mu neme shi in ciwo ko wata matsala ta taso.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya mai da ku gida lafiya, ya zaunar da mu da maƙwabtanmu lafiya.